Maido da kwamfuta daga ajiyar uwar garke ta gida: matsalar tafintan katin rezo

0. Gabatarwa

Aikin mai binciken harshe a yau yana zaune ne cikin kwamfuta: muryoyin da aka ɗauko a ƙauye, rubutun da aka daidaita da su a ELAN ko Praat, ƙamus ɗin da ake ginawa a Toolbox ko FLEx, da babukan kundin digiri. Da dama daga cikin malamai da ɗalibai sun gane cewa diski ɗaya ba ya riƙe amana, hususan a ƙasar da zafi da ƙura da ɗaukewar kuran ke cin na'ura, sai suka aje kwamfuta ta biyu a gida ko a biro wadda ke kwafe komai kowane dare ta cikin rezo. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai ranar da diskin ya mutu, aka sayo sabo, aka tayar da kwamfutar da faifan ceto domin a maido da komai, sau da yawa abin da ke fitowa a allo shi ne: ba a sami uwar garke ba. Ajiyar tana nan lafiya, tazarar mita biyu, amma babu hanyar isa gare ta.

A cikin wannan ƴar ƙasida za mu bayyana dalilin haka da yadda ake bin sawunsa. Mun ɗauki Windows Home Server a matsayin misali. Kamfanin Microsoft ya fito da shi a 2007 domin gidajen da ke da kwamfuta har goma, ya sabunta shi a 2011, sannan ya daina kula da na farkon a 2013, na biyun a 2016. Mun zaɓe shi ne don a cikinsa matsalar ta fi fitowa fili. Kayan ajiya na yanzu irin su Veeam Agent, Macrium Reflect da Active Backup na Synology suna gina faifan cetonsu bisa tushe iri ɗaya, saboda haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su.

1. Batun kalmomi

Za mu kira na'urar da ke riƙe ajiya uwar garke, kamar yadda masu fassara manhaja suka saba. Rezo, dosiye, fishiye da kile kalmomi ne da suka riga suka zauna a bakin mutane a Maradi da Damagaram, ba mu ga dalilin kauce musu ba. Katin rezo shi ne sashen kwamfuta inda ake soka waya.

Kalma ɗaya ce ke buƙatar tsayawa. Ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wani sashe na na'ura, Ingilishi ya ba ta sunan mai tuƙin mota, Faransanci ya ba ta na mai tuƙin jirgi, shi ya sa ake jin direba a kudu, pilot a nan. Duka biyun suna ɓatar da mai koyo, domin direban da ya iya Toyota zai iya Peugeot. Wannan manhaja kuwa ba haka take ba. Aikinta shi ne tsayawa tsakanin harsuna biyu, na tsarin aiki da na ƙwayar lantarkin da ke cikin katin, tana juya maganar wannan zuwa ga wancan. Tafinta ce ke nan (kalmar ita kanta aro ce daga Ingilishi tun zamanin mulkin mallaka, amma ta daɗe da zama ƴar gida). Amfanin wannan suna shi ne yana tuna mana da ƙa'idar da dukan ƙasidar ta dogara a kai: tafinta na harsuna biyu ne takamaimai, idan aka sauya ɗaya daga cikinsu ya zama kurma.

2. Tushen matsalar

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne faifan ceto wani tsarin aiki ne dabam da wanda ya mutu. Ƙaramin Windows ne, ana kiransa Windows PE, yana hawa ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta ba tare da ya taɓa diski ba, kuma bai san komai ba game da abin da aka girka a kwamfutar a da. Tafintocin da yake da su su ne waɗanda aka zuba masa ranar da aka haɗa shi. Faifan ceto na Windows Home Server na 2007 an gina shi ne bisa Windows Vista mai bit 32; na 2011 bisa Windows 7. Katin rezon da aka ƙera bayan waɗannan shekaru sau da yawa baƙo ne a wurinsu.

Daga nan sai a faɗa cikin da'ira: tafintan da ya dace yana cikin ajiya, ajiya tana bayan rezo, rezo ba ya buɗewa sai da tafinta. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle cikin ɗakin.

Masu ƙera manhajar sun hango wannan. A cikin kowace ajiya uwar garke tana ware wani dosiye mai ɗauke da tafintocin rezo da na diski na kwamfutar da aka kwafe. A na 2007 sunansa Windows Home Server Drivers for Restore, a na 2011 Drivers for Full System Restore. Ana buɗe ajiyar daga wata kwamfuta mai lafiya ta gidan, a kwafe dosiyen bisa kile, a soka kilen a kwamfutar da ake ceto, a umarci faifan ya bincika shi. Idan aka yi sa'a magana ta ƙare.

To amma a duba da kyau: tafintocin wannan dosiye na tsarin da ya mutu ne. Idan kwamfutar tana aiki da Windows 7 mai bit 64, abin da ke cikin dosiyen na bit 64 ne, faifan 2007 kuma bit 32 kawai yake ji. Zai karanta kilen, ya ce ya gama, katin rezo kuma ya ci gaba da zama a ɓoye, ba tare da wani bayani ba. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki a wannan wuri suna zargin waya ko uwar garke. Maganin shi ne a nemo tafintan Vista mai bit 32 na wannan katin, ko da kwamfutar ba ta taɓa ganin Vista ba. Faifan 2011 ya rage wahalar domin yana ba da zaɓi tsakanin 32 da 64 tun a farkon tashi. Sai dai dole zaɓin ya yi daidai da abin da ke bisa kilen. Ƙa'idar dai guda ce: ana neman tafintan da ya dace da faifan ceto, ba wanda ya dace da kwamfutar da ake son maidowa ba.

Game da wifi babu dogon zance. Faifan ceto na Windows Home Server ba ya aiki da shi. Sai an ja waya daga kwamfutar zuwa akwatin rezo.

3. Bin sawun laifi

Kafin komai, shawara ɗaya da muke ganin ta fi sauran muhimmanci. Idan akwai wata kwamfuta mai lafiya da ke haɗe da uwar garke, a buɗe ajiyar daga can a kwafe abin da ba ya sakuwa: muryoyin tsofaffin da aka yi hira da su, rubutun da aka yi wata shida ana daidaitawa, babin da ke hannun mai duba kundi. Windows da Word ana sake girka su. Bayan an yi wannan ne ake iya gwaje-gwaje da kwanciyar hankali, kuma a bar uwar garke yadda take, kada a sake mata komai.

Saƙon «ba a sami uwar garke ba» yana rufe laifuka uku mabambanta: ko faifan bai ga katin ba, ko ya gan shi amma bai sami adireshi ba, ko ya sami adireshi amma bai kai ga uwar garke ba. Hanyar rarrabe su ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta ilimin sauti. Ba ma tabbatar da bambancin k da ƙ sai da kalmomi irin kafa da ƙafa, inda abu ɗaya tak ya sauya. Haka nan a nan: a sauya waya kaɗai, a gwada, a sauya tafinta kaɗai, a gwada. Wanda ya sauya uku a lokaci guda, ko ya yi nasara bai san abin da ya yi ba.

3.1. Shin an ga katin?

A fara da ido. A bakin ramin da ake soka waya akwai ƴan fitilu a yawancin kwamfutoci. Idan ba su kama ba, laifin na waya ne, ko na ramin akwatin rezo, ko an kashe katin a cikin BIOS, ko katin ya ƙone. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne da damina: tsawar da ta kashe diski tana iya bin waya ta kashe katin a dare ɗaya, kuma babu tafintan da ke tayar da matacce. Idan fitilun sun kama, abin da suka nuna kawai shi ne akwai lantarki tsakanin ɓangarorin biyu. Suna kamawa ko babu tafinta.

Faifan Windows Home Server yana nuna jerin kayan rezo da na diski da ya gano kafin ya fara neman uwar garke. Mutane kan wuce wannan allo da sauri, alhali nan amsar take. A faifan da ke ba da tagar rubuta umarni, ana rubuta ipconfig, a sami ɗaya daga cikin uku:

(1) babu sunan kati ko ɗaya
(2) adireshi mai farawa da 169.254
(3) adireshi irin 192.168.1.23

Na (1) yana nufin babu tafinta. Na (3) yana nufin kati da tafinta suna lafiya, laifin yana gaba. Na (2) adireshi ne da Windows ke ba kansa idan ya yi kira babu wanda ya amsa. Yawanci akwatin rezo ne ba ya raba adireshi, amma ba kullum ba, kamar yadda za a gani.

3.2. Sanin sunan katin na gaskiya

Sunan da ke bisa murfin kwamfuta, HP ko Dell ko Lenovo, ba ya gaya mana komai game da katin. Kamfani ɗaya yana sa ƙwayar Intel a wannan samfuri, ta Realtek a wancan, kuma kwamfutocin hannu da ke shigowa kasuwanninmu sau da yawa an riga an sauya musu kayan ciki. Sunan da ake dogara da shi lamba ce da ke cikin ƙwayar kanta, mai kama da haka:

(4) PCI\VEN_10EC&DEV_8168

Kashi na farko yana nuna maƙeri: 10EC Realtek ne, 8086 Intel, 14E4 Broadcom. Kashi na biyu yana nuna samfurin ƙwayar. Tun da Windows ɗin kwamfutar ya mutu, hanya mafi sauƙi ta karanta lambar ita ce a tayar da ita da kilen Linux, kamar Ubuntu, ba tare da an girka shi ba, a rubuta lspci -nn. Za a ga lambobin biyu a ƙarshen layin katin. Wannan gwaji yana da riba ta biyu: idan Linux ya shiga rezo ta wannan waya, an wanke waya da kati da akwati gaba ɗaya.

Tafinta fishiye uku ne aƙalla masu tafiya tare: mai ƙarewa da .sys shi ne manhajar, mai .cat shi ne sa hannun maƙeri, mai .inf kuma takardar bayani ce da ake iya buɗewa a karanta kamar kowane rubutu. Muna ba abokan aiki shawarar su buɗe ta. A nemi DEV_8168, ko lambar da aka samu. Idan ba ta ciki, wannan tafinta ba na katin ba ne, kome sunan da aka ba dosiyen. A kusa da farkon takardar kuma akwai alamun tsarin da yake ji: NTx86 bit 32 ne, NTamd64 bit 64, lambar da ke biye kuma tana nuna zamani, 6.0 Vista, 6.1 Windows 7, 10.0 Windows 10 da 11. Minti biyu na karatu suna hana kwana biyu na gwaji. Abin da ake saukowa da shi daga shafin maƙeri sau da yawa fishiye ɗaya ne mai .exe, wanda faifan ceto ba ya iya amfani da shi; sai an warware shi da 7-Zip a wata kwamfuta, an fitar da dosiyen da ke da .inf.

Lambar da ke misali na (4) ta cancanci ƙarin bayani, domin ita ce ta fi yawa a kwamfutoci masu araha, kuma ita ce ta fi yaudara. Realtek ya yi shekaru yana fitar da sababbin zubi na wannan ƙwaya ƙarƙashin lamba 8168 ɗaya. Abin da ke bambanta su ƙaramar alama ce a ƙarshe, REV_01, REV_06 da sauransu. Sunaye ne masu kama ɗaya da ma'ana dabam. Tsohon tafintan da ke cikin faifan ceto yana jin an kira 8168 sai ya amsa, katin ya bayyana a jeri kamar komai lafiya, amma ba ya iya aika ko kalma ɗaya. Sakamakon shi ne misali na (2). Don haka idan Linux ya sami adireshi ta wannan waya, faifan ceto kuma ya tsaya a 169.254, kada a yarda da jerin. A ɗora sabon tafinta daga kile duk da cewa faifan yana ganin yana da nasa.

A inda akwai tagar umarni ana ɗora shi da hannu. Misali, ga faifan da aka gina bisa Windows 7 mai bit 64:

(5) drvload E:\rezo\rt64win7.inf
(6) wpeutil InitializeNetwork

sannan a sake ipconfig.

Kilen kansa yana iya zama cikas. A shirya shi da FAT32, a soka shi a ramin USB baƙi, ba shuɗi ba, domin Vista da Windows 7 ba su zo da tafintan USB 3 ba. Sai a Windows 8, a 2012, aka sa shi. A kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2015 zuwa yau, har baƙaƙen ramukan ta hanyar USB 3 suke bi, ta yadda tsohon faifai ba ya ganin kile, wani lokaci har da madannai. A nan sai dai a zuba tafintocin cikin fishiyen boot.wim na faifan da umarnin DISM a sake haɗa shi, ko a bi hanyoyin sashe na 4.

3.3. Adireshi ya samu, uwar garke ba ta amsa ba

A rubuta ping da adireshin uwar garke. Idan ta amsa da lamba amma ba ta amsa da suna ba, sau da yawa akwati biyu ne a gidan, kowane da nasa rukunin adireshi, kwamfuta a ɗaya, uwar garke a ɗaya. A soka su a akwati guda. A duba agogon BIOS kuma: kwamfutar da ƙaramin batirinta CR2032 ya mutu tana komawa wata tsohuwar shekara, uwar garke kuma tana iya ƙin amincewa da ita saboda haka.

Sai kalmar sirri, wadda ke da tarko na musamman a ƙasashenmu. Madannanmu na Faransa ne, AZERTY. Faifan ceto da yawa suna tashi da tsarin Amurka, QWERTY, idan ba a sauya shi a allon farko ba. Mai rubutu yana latsa a, na'ura tana karɓar q. Z ya zama w. M da lambobi duk sun gusa. Kuma tun da kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, ba ya gani. Wanda ya sa ƙ ko ɗ a kalmarsa, don kishin harshe, mai yiwuwa ba zai sami madannin Hausa a faifan ceto ba. Gara a sauya ta daga wata kwamfuta kafin a fara.

4. Idan duk wannan bai yi ba

Akwai ƙaramin kati na waje da ake sokawa a USB, mai ramin waya a ɗaya bakin. Masu ƙwayar ASIX AX88772 tsofaffi ne, gudunsu bai wuce megabit 100 ba, amma suna da tafinta na kowane Windows tun daga XP, bit 32 da 64. Sashe ɗaya na jami'a zai iya mallakar guda ɗaya tare da kilensa, ya wadatar da kowa.

Hanya ta biyu tana kauce wa faifan ceto gaba ɗaya. A ciro sabon diskin, a sa shi a akwatin USB, a haɗa shi da kwamfuta mai lafiya wadda uwar garke ta riga ta sani. A Windows Home Server na 2007 akwai manhaja mai suna ClientRestoreWizard.exe cikin dosiyen da aka girka shi, wadda ke yin aikin faifan ceto daga cikin Windows mai rai, inda rezo ke aiki tuni. Hatsarinta ɗaya ne, kuma babba: tana shafe diskin da aka nuna mata. A duba girma da harafin diski sau biyu, don kada a zuba ajiyar wani bisa aikin mai kwamfutar da aka ara.

Ko an yi nasara, matsalar tana iya dawowa sau ɗaya. Idan an maido da ajiyar bisa wata kwamfuta dabam da ta asali, Windows zai tashi ya tarar da katin da bai sani ba. A wannan karon tafintan da ake bukata na tsarin da aka maido ne. Kilen ceto nagari yana ɗauke da dosiye biyu ke nan, kowane da sunansa a rubuce: na faifai, da na Windows. Na biyun ana fitar da shi tun kwamfuta tana da rai. A Windows 10 da 11 umarnin shi ne:

(7) pnputil /export-driver * E:\tafintoci

Na farkon kuwa ba a sanin ya dace sai an gwada: a tayar da kwamfuta mai lafiya da faifan ceto, a bi matakai har a ga jerin ajiyoyi ya fito daga uwar garke, sannan a fasa. Ba ya taɓa diski, kuma bai wuce aikin minti goma sha biyar ba. A maimaita shi duk lokacin da aka sauya kwamfuta ko akwatin rezo.

Saura lissafin lokaci. Ajiya mai gigabait 200 bisa rezo mai megabit 100 ba za ta ɗauki ƙasa da awa huɗu da rabi ba, a aikace ma ta fi haka. Bisa gigabit ɗaya lissafin yana sauka zuwa wajen rabin awa, in diski ya iya bi. Muryoyin da aka ɗauka a WAV ba sa matsuwa sosai, don haka ajiyar mai binciken harshe takan yi nauyi. Idan kuran ya ɗauke a tsakiya, sai an faro daga farko, kuma uwar garken da ta mutu ba shiri tana iya lalata ma'ajiyarta. Na'urori uku ne ke bukatar ondiler a wannan rana: kwamfutar, uwar garke, da akwatin rezo da ke tsakaninsu, wanda shi aka fi mantawa.